Wa ake bai wa kuɗin bincike? Amsa ga wata ɗaliba daga Jibiya

 

Wannan makon na ajiye abin da na yi niyyar rubutawa saboda wani saƙo da ya shigo mini daga wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare a Jibiya. Ta ce ta ji a rediyo an raba wa wasu malaman jami'a miliyoyin naira domin su gudanar da bincike, shi ne take son sanin su wane ne ake bai wa irin wannan kuɗi. Sai ta ƙara da abin da ya fi damun ta: mahaifinta ɗan Jibiya ne, amma ita an haife ta ne a gidan kakanninta na wajen uwa, a tsallaken iyaka cikin jihar Maraɗi, lokacin da mahaifiyarta ta je goyon ciki. Shin za ta iya samu wata rana, ko tun yanzu ta cire rai?

Ƙanwata, kada ki cire rai. Amma ki gyara zama, ku ma sauran ku gyara, domin mafi yawan abin da ke hana mutum wannan kuɗi yana ɗan shekara 35, tun yana ɗan shekara 15 ya ɓata shi bai sani ba.

Bari mu fara da abin da kuka sani. Duk ɗan Jibiya ya saba ganin motocin wake suna tsallakowa ta Magama daga ɓangaren Ɗan Isa, suna nufar Katsina da kasuwar Dawanau. Wake kuwa babban maƙiyinsa ƙwari ne. Ka ajiye buhu wata uku ka buɗe ka tarar duk ya zama huji da gari. Shi ya sa wasu ke zuba masa fiya-fiya, wanda guba ce ga mai ci. Yanzu akwai buhun da ake kira PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhu na uku a waje. In an ɗaure kowanne da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su shanye 'yar wadda ta rage su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fara aikin tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980. A 2007 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗin yaɗa shi a ƙasashe 10 na yammaci da tsakiyar Afirka, har da Najeriya da Nijar, kuma masu bincike na cibiyar INRAN da ke Maraɗi na cikin waɗanda suka yi ta gwada shi a rumbunan manoma. To, kuɗin bincike ke nan: kuɗin sayen kayan gwaji, da man mota zuwa ƙauyuka, da biyan masu taya aiki, har a samo amsar wata tambaya da ta addabi jama'a. Ba kyauta ba ce ta gina gida ko ƙara aure, kowace naira sai an kawo rasiɗinta.

Abin da ba a cika faɗa muku ba shi ne, kafin wani farfesa ya karanta dabarar da mutum ya rubuto, takardunsa sai sun bi ta hannun ma'aikacin da ba ruwansa da dabara. Shi jerin sharuɗɗa ne a gabansa, yana dubawa yana sa alama. Ku da kuke bakin iyaka kun san jami'in shige da fice ba ya tambayar matafiyi ko yana da ƙoƙari a lissafi. Takarda yake dubawa, in ta yi daidai a wuce, in ba ta yi ba a koma gefe. A wannan matakin na farko ake zubar da ɗimbin masu nema, kuma galibi ba a ma rubuto musu dalili.

A Najeriya babbar rijiyar kuɗin bincike ita ce TETFund. Asalinta asusun harajin ilimi ne da aka kafa a 1993, aka sake masa doka da suna a 2011. Kamfanoni ne ke biyan wani kaso na ribarsu. An fara da kashi 2 cikin 100, zuwa 2023 ya kai kashi 3. Sharaɗinta na farko yana ba mutane mamaki: sai malamin da ke aiki a babbar makarantar gwamnati, ta tarayya ko ta jiha. A jiharmu ke nan malamin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, duk suna iya nema. Jami'ar Al-Qalam kuwa, da yake ba ta gwamnati ba ce, asusun ba ya zuba mata kuɗi. Ni a ganina wannan ƙa'ida tana da tsauri, domin ƙwaƙwalwa ba ta san wa ke biyan albashi ba, amma haka dokar take har yanzu.

Babban tallafinsu na ƙasa baki ɗaya ba a bai wa mutum shi kaɗai. Tawaga ake so, kuma wanda zai jagorance ta sai babban malami ne da ya yi nisa a muƙami, a jami'a mai digirin digirgir. Ana fara aika gajeren bayani na abin da ake son bincikawa. In ya tsallake a nemi cikakken tsari da kasafin kuɗi, sannan a kira jagoran ya zo ya kare aikinsa baki da baki a gaban kwamitin masana. Akwai kuma ƙaramin tallafi da ake rabawa a cikin kowace makaranta, wanda nan ne ƙananan malamai ke fara koyon hannu.

Na san wani zai ce, to mu 'yan sakandare ina ruwanmu da wannan? Ku bi ni da baya da baya. Ba a jagorantar bincike sai da digirin digirgir. Ba a shiga digirgir sai da digiri na biyu mai kyau. Tallafin digiri na biyu kuma mafi yawansa yana neman wanda ya fita digirin farko da daraja ta ɗaya ko ta biyu ta sama, wadda ɗalibai ke kira tu-wan. A jami'o'in da ke auna maki a kan 5, tu-wan tana farawa ne daga 3.50, daraja ta ɗaya daga 4.50. Kuma makin tarawa ake yi tun daga zangon farko na shekarar farko, don haka wanda ya shiga jami'a ya kwashe shekara guda yana murnar ya rabu da bulalar sakandare, yakan ƙare shekara uku yana biyan bashi.

Ɗauki PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur da aka kafa a 1973, wanda ke tura matasa digiri na biyu da na uku a gida da waje. Yana neman tu-wan, ko daraja ta biyu ta ƙasa tare da gogewar aiki a fannin. Yana neman takardar gama yi wa ƙasa hidima ta NYSC, da lambar NIN, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Sannan, ku saurara da kyau, yana neman kiredit 5 na WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi. Mutum ya gama jami'a, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, amma sai a ce ya kawo sakamakon da ya samu yana ɗan shekara 17. Wannan takardar da kuke shirin zana jarrabawarta ba ta tsufa, tana nan tana bin ku har furfura.

Yanzu ga tambayarki, ƙanwata. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka haifa a wajen Najeriya, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta hanyar haihuwa. Haihuwarki a ƙasar Maraɗi ba ta rage miki komai ba. Takardar shaidar ƙaramar hukuma kuma bisa al'ada asalin uba take bi, ke nan ta Jibiya za ki karɓa. Inda haɗarin yake shi ne wani ya ba ku shawarar ku je a yi miki wata takardar haihuwa da ke cewa a Jibiya aka haife ki, wai don a huta. Kada ku yarda. In an yi miki rajista a ma'aikatar magajin gari a can Nijar, wannan takardar ita ce gaskiya. Ku karɓo ta, ku adana, ranar da aka buƙata a kai a fassara ta daga Faransanci a wurin da hukuma ta amince da shi. Mai takardun haihuwa biyu masu faɗar wuri biyu ya fi marar takarda shiga matsala, domin shi marar takarda sakaci za a ce ya yi, mai biyu kuwa ƙarya.

Kuma ku karɓo ta tun hanya na buɗe. Ba sai na tuna wa 'yan Jibiya ba: an rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, sai Maris ɗin 2024 aka buɗe. Masu ba da tallafi kan ba da makonni kaɗan ne a cike fom. In ranar rufewa ta zo takardarki tana cikin akwatin kaka a tsallake, ba wanda zai ɗaga miki ƙafa.

Layin nan da Turawan Ingila da na Faransa suka ja a farkon ƙarnin da ya wuce yana yanka ta ɓangare biyu. Tallafin karatu na Commonwealth, wanda ke kai mutum Ingila digiri na biyu ko na uku, na 'yan ƙasashen ƙungiyar ne kawai. Najeriya tana ciki, Nijar ba ta ciki. Ke nan ke za ki iya nema, ɗiyar kawunki da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ta Maraɗi ba za ta iya ba, ko da ta fi ki ƙoƙari. Amma akwai inda ita za ta shiga ke ki tsaya a waje. Cibiyar kimiyya ta TWAS da ke birnin Trieste na Italiya, wadda masanin Pakistan Abdus Salam ya kafa a 1983, ta ware wasu tallafinta ga jerin ƙasashen da aka ɗauka an bari a baya a kimiyya. Nijar tana cikin jerin, Najeriya ba ta ciki. Gari biyu, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, tafiyar da ba ta kai ta Katsina zuwa Kano ba, amma ƙofofin da ke buɗe wa kowannensu daban. Saboda haka in kun ga sanarwar tallafi, kafin ku karanta yawan kuɗin ku fara neman jerin ƙasashe.

Sai batun suna, wanda a nan nake so in daɗe, domin shi ne ya fi cin mutanenmu. Mu Hausawa suna ɗaya muna da hanya biyar ta kiran sa. Yaro sunansa Muhammadu, a gida Mamman, hedimasta ya rubuta Mohammed, a NIN aka buga Muhammad, takardar tsallake kuma ta ce Mahamadou. Abubakar ya zama Aboubacar, ya zama Habu, ya zama Garba. A'isha a nan, Aichatou a can. Wani kuma tun a firamare malami ya ga masu suna iri ɗaya sun yi yawa a aji, ya liƙa masa sunan gari a ƙarshe, shi ke nan ya bi shi a wata takardar bai bi shi a wata ba. A wurinmu duk mutum ɗaya ne. A wurin kwamfutar da ke tace fom, mutum uku ne ko huɗu.

Ina da abokin da muka yi jami'a tare, wanda duk ajinmu ba wanda ya kama ƙafarsa. Ya nemi wani tallafi na zuwa waje, ya ci jarrabawar tantancewa, aka kira shi ya kawo takardu na asali. Sai aka ga a sakamakonsa na sakandare sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, a digirinsa kuma sunan kakansa. Ya ruga kotu ya yi rantsuwa, ya buga sanarwa a jarida, kafin ya dawo an rufe. Shekarar da ta biyo baya ya haura iyakar shekarun da suka gindaya. Yau yana koyarwa, yana da rufin asirinsa, amma har gobe in aka taɓo zancen sai ya yi shiru. Laifin ba nasa ba ne; ranar da aka yi masa rajistar jarrabawa ba ya nan, wani ne ya cike masa fom.

Ranar haihuwa ma haka. Da yawanku an rage muku shekaru, saboda an ji cewa wanda ya wuce 30 lokacin gama jami'a ba ya zuwa hidimar ƙasa. Wasu kuma an ƙara musu don su kai 16 ɗin shiga jami'a. Kowace takarda da ranarta. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da NIN, kuma bayanan da ke kan NIN ɗin ne take ɗauka. Gyaran ranar haihuwa a NIN kuɗi ne da jeka-ka-dawo, a kan takardar jarrabawa kuwa bayan an buga ta ya fi haka wuya. Hukumar ƙidaya ta ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa ga wanda aka haifa a Najeriya. Wanda bai da ita ya matsa wa iyayensa tun bai cika 18 ba.

Ga aikin gida, kuma ba wasa nake ba. A daren nan ku roƙi Baba ya fito da takardar haihuwarku, da ta gama firamare, da ta ƙaramar sakandare, da katin NIN. Ku shimfiɗa su a tabarma, ku bi harafi bayan harafi. Suna nawa ne, wanne ne a gaba, yaya aka rubuta kowanne, wace rana, wane wata, wace shekara. In kun ga saɓani, yanzu ne lokacin gyara, kafin makaranta ta tura sunayenku WAEC da NECO. Ranar rajista kuma ku tsaya da ƙafarku, ku karanta abin da aka buga kafin ku sa hannu, ko da mai bugawar ya ɗaure fuska yana cewa layi ya yi tsawo.

Akwai abin da kuka fi ɗan Kano da ɗan Zariya, ku 'yan bakin iyaka, sai dai ban ga kuna ɗaukar sa da daraja ba. Faransanci. Kuna jin sa a tasha, kuna jin sa a bakin 'yan uwanku, kuna lissafi da sefa kamar yadda kuke yi da naira. Masu ba da kuɗin bincike a yau suna son aikin haɗin gwiwa tsakanin ƙasashe, wani tallafin ma sharaɗinsa ke nan, sai da abokin aiki daga wata ƙasa. Matsalolinmu kuma ba su san iyaka ba. Ruwan da madatsar Jibiya ke tarewa shi ne ke gangarawa ya zama Gulbin Maraɗi. Duk mai son nazarin noman rani a wannan kwari sai ya yi magana da manoman ɓangarorin biyu. Sanƙarau da ƙyanda ba sa tsayawa a shingen kwastan. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 ta Jibiya zai bi, kuma zai canja kasuwanci da zaman garin ta hanyoyin da sai an zauna an nazarta. Mai Hausa da Turanci da Faransanci shi za a nema a irin wannan tawaga. In makarantarku tana da malamin Faransanci, ku daina gudun ajinsa. Ku kuma san yadda tsallake ke auna maki, a kan 20 suke yi, 10 ne cin jarrabawa, 16 ne kololuwar yabo, don wata rana za ku zauna cike fom ɗaya da su.

Sharaɗi guda kuma da ba na takardar makaranta ba: duk binciken da zai taɓa jikin mutum ko sirrinsa, sai kwamitin ɗa'a ya amince kafin a saki ko kwabo. Mu a Arewa mun san dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200. 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Ko a ƙungiyar JETS ta makarantarku kuka tashi yin ɗan bincike, a ce kuna tambayar masu awo yadda suke adana wake, ku fara gaya wa mutum abin da za ku yi da amsarsa, in ya ƙi ku ƙyale shi.

Sharuɗɗan nan suna canjawa. TETFund da ta daɗe tana tura malamai karatu ƙasashen waje ta dakatar da tura sababbi daga farkon 2025. Abin da yayanku ya gaya muku bara ba lallai ya yi aiki bana ba, sai ku karanta sanarwar shekarar da kanku, a shafin intanet na hukumar ita kanta. Waɗanda na ambata a nan ba a sayen gurbinsu a hannun kowa. Duk wanda ya turo muku saƙo a WhatsApp cewa an buɗe tallafi, ku turo dubu biyar a sa sunanku, ɗan damfara ne, kada kuma ku ba shi lambar NIN ɗinku.

Ƙanwata ta Jibiya, ki gaida Baba, ki ce masa takardar nan ta Maraɗi ta fi filin da zai bar miki tsada. Wanda ya shimfiɗa takardunsa ya ga saɓani kuma bai san ta inda zai fara ba, ya rubuto wa wannan fili ta adireshin jarida, ba sai ya sa cikakken sunansa ba. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake zaɓen darussan JAMB su dace da kwas ɗin da ake so.